Mayira da Wuƙar Baba

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin masallacin Zango, sai wani ya ce, "Ilu, wai da gaske a Girka ba a san tuwo ba?" Wani ya ce in faɗi yadda tsakiyar teku take. Kowa ina ba shi guntun da ba zai ba ni kunya ba. To yau na sayo littafin rubutu na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, a kasuwar Gbégamey, zan zuba labarin gaba ɗaya, har da wuraren da ba ni da gaskiya.

Gidanmu gidan fawa ne, wannan kowa ya sani. Kakana ya biyo shanu daga arewa ya zauna a Kwatano, mahaifina Baba Tanko ya gaji teburinsa a kasuwar Tokpa, ni kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji. Shekara shida na yi a lakwal, suka ishe ni kumburin kai. Da hannun Baba ya fara rawa, wata safiya ya kira ni, ya ajiye wuƙarsa ta yanka a gabana, mai ƙotar ƙaho wadda ya gada, ya ce, "Lokaci ya yi." Ni kuwa na buɗe baki a gaban Inna na ce, "Baba, ni ba zan ƙare rayuwata ƙudaje suna bi na ba." Ya mayar da wuƙar kube ya tafi kasuwa, daga ranar kuma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Wani ofis a Ganhi yana neman ma'aikatan jirgin ruwa na Girkawa, na kai kaina. Kafin fasfo sai da takardar kwamitin unguwa, don zamanin nan na juyin juya hali ko tari za ka yi sai da hatimi. Sakataren ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya ɗaga alƙalami ya ce, "Sana'a, kamarad?"

Na ce, "Komersan," wato ɗan kasuwa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kamarad Ilu, yau ƙasa ta ma'aikata ce. Manyan komersan ma suna zuwa nan suna roƙo in rubuta musu lebura. Kai da ubanka ke ciyar da rabin Tokpa?"

Na ce ya dai rubuta abin da na faɗa. Ya rubuta, ya buga hatimi da ƙarfin da ya fi na kullum.

Jirgin a Lome ya tsaya, saboda haka mota na shiga, mu tara a ƙaramar mota, da wata mata mai kwandon busasshen kifi a cinyata, ba a tata ba. A iyaka ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya zazzage jakata. Ƙarƙashin yaji da kilishin da Inna ta ƙulle mini, sai ga wani abu naɗe a tsohon zane. Ya warware, wuƙar Baba ce. Wallahi ban san tana ciki ba, kuma har yau ban tambayi wanda ya sa ta ba. Ɗan duwan ya duba takardata, ya duba wuƙar, ya ce, "Komersan, wannan ta mece ce?" Na ce ta yankan burodi ce. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga burodin Kwatano da ake yanka wa da irin wannan. Suka bar ni na wuce, na tura ta can ƙasan jaka.

Na ɗauka aikin rubutu za a ba ni a jirgi, tunda na yi lakwal. Aka nuna mini kicin. Ni da na gudu daga nama, ga ni a ɗakin sanyi da cinyoyin shanu a rataye, ina mataimakin kuku. Hannu kuwa ba ya ɓoye asalinsa. Ranar farko kukun ya ga yadda na bi gaɓa na raba cinya ba tare da na sari ƙashi ba, ya tsaya yana kallona ya ce wani abu da yarensu. Amma wasiƙar da na aika gida daga Dakar cewa na yi ni akawun sito ne. Na san Bawa tela, maƙwabcinmu mai karanta wa Baba wasiƙa, zai karanta ta da murya yadda duk layi zai ji.

Kwana biyar da shigata kukun ya kwanta ciwo. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a tasha ta gaba aka sauke shi a kan makara ta asibiti. Washegari na fito da tukunya sai wani ƙato a cikin ma'aikatan ya nuna ni da yatsa ya daka tsawa, "Mayira!" Sauran suka kwashe da dariya suna ta maimaitawa.

Ku da kuka tashi a Zango kun san abin da kunnena ya ji. Baƙo ya shigo, mutum lafiyayye ya faɗi ciwo, sai aka nuna baƙon ana cewa maye. Na ce ashe har Turawa sun san maita, kuma ni suka ɗora wa kama kurwar kukunsu. Babu mai jin Hausa a jirgin, Faransanci kuma kyaftin ne kawai ke ɗan taɓawa, wa zai hau sama ya tambayi kyaftin ko shi maye ne? Wata biyu cur ana kira na da sunan nan safe da rana. Na daina kallon kowa a ido, don kada wani ya yi ciwon kai a ce ni ne. Idan na zuba musu abinci sai in ɗauki nawa in koma bayan kicin, in zauna kan buhun albasa in ci ni kaɗai. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu zai leƙo ya yi mini alama in zo tebur, ni kuwa sai in ɗauka gwada ni ake yi. Ban taɓa sanin kaɗaici yana da nauyi a ƙirji ba sai a jirgin nan. Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa tukunya Hausa, don kawai in ji ko bakina bai manta ba.

Da muka isa Fireyas, babbar tashar jiragensu, aka ce jirgi zai shiga gyara na makonni. Jami'in tasha ya juya fasfona sama da ƙasa, ya kira wani suka duba taswira suna neman ƙasarmu, don sunan da suka sani tsohon ne, sabon bai iso musu ba. Daga nan aka kai ni gidan wata tsohuwa mai ba ma'aikatan jirgi haya, Kiriya Sofiya. Kiriya a wurinsu kamar mu ce Hajiya ne ko uwargida. Baƙaƙen kaya take sawa kullum tun rasuwar mijinta, shekara da shekaru, ba irin takabarmu mai ƙarewa ba.

Abincinsu burodi ne da zaitun da wake da wani cuku mai gishiri, kuma komai sai an tsiyaya masa mai ɗanye. Nama kuwa tun daga jirgi ban ci ba, don ban san wanda ya yanka ba. Na yi ta shirin yadda zan ƙi naman Kiriya ba tare da na ɓata mata rai ba, sai na ga ita ma ba ta dafawa. Ashe azuminsu ne, na barin nama har kwana arba'in da wani abu. Da ta ga ina cin wake ba ƙorafi sai ta ɗauka ni ma azumin nake, ta riƙa shafa kaina tana nuna ni ga maƙwabta. Wani abin da ya wahalar da ni shi ne a'a ɗinsu. Ba sa girgiza kai, ɗaga haɓa suke yi sama su yi ɗan tsaki. Kwana uku ina tsaye a bakin shagon burodi ina zaton mai shagon cewa yake in jira, ashe cewa yake ya ƙare.

Da rana sai in sauka bakin tasha in zauna ina kallon jirage. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya tambaye ni an tashi lafiya. A Zango daga gida zuwa masallaci sai ka amsa gaisuwa ashirin har ka gaji. A can na yi kewar gajiyar nan.

Wata rana da hantsi ina wanke riga a tsakar gida, sai na ji Kiriya tana magana da wani tsoho maƙwabcinta ta kan katanga, ta nuna ni ta ce, "Mayiras." Abin da na haɗiye wata biyu ya taso. Na jefar da rigar na ce da Faransanci, da ƙarfi, "Ni ba maye ba ne! Ban ci kowa ba! Ciwonsa daga Allah ne!"

Tsohon ya leƙo, ya amsa mini da Faransanci tsaf, "Wa ya ce kai maye ne, ɗana?"

Sunansa Barba Manoli, barba kuwa kamar kawu ne. Ya yi shekaru yana tsaron kanti a Kwango, da ya dawo ya yi gadin gidan kayan tarihi har ya yi ritaya. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya riƙe katanga, ya fassara wa Kiriya, ita kuwa ba ta yi dariya ba, hannu ta ɗora a ƙirji. Ya ce, "Mayiras mai dafa abinci ne. Kuku. Ranar da suka fara kiran ka haka, girma suka ƙara maka." Na tuna mutumin da ke leƙowa yana kira na tebur. Na zauna a bakin rijiyar gidan, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Barba ya ce kalmar ta girmi kakannin kakanninsa, kuma gobe zai kai ni in ga mayira na asali. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Atina, babban birninsu. A hanya ya tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce komersan.

Gidan tarihin cike yake da gumaka marasa hannu, marasa tufafi, ni dai na yi ta sunkuyar da kai. Barba bai tsaya wurinsu ba, ya ja ni ɗakin tukwane. Tuluna ne da kwanonin ƙasa, ja da baƙi, an zana mutane a jikinsu. Ya ce, "Littattafanmu sun riƙe sunayen masu mulki da masu iya magana. Masu aiki a nan suke." Ya nuna mini maƙera a bakin wuta, da mata suna kaɗi da saƙa, da masu ɗiban ruwa. Abin da babu a ɗakin ya ba ni shi da baki, kamar baduku da ke ɗora ƙafar mai saye kan fata ya yanka takalmi daidai da ita, da bayin da ke haƙar azurfa a rami har su mutu a ciki. A gindin wani tulu akwai ɗan rubutu, ya ce maginin ne ya sa tulun yana magana, wai "wane ne ya yi ni."

Na ce, "Ashe ku kuna girmama masu sana'a."

Ya ɗaga haɓa ya yi tsakin nan nasu. "Ina! Mai gona shi ne mutum. Wanda ke zaune a inuwa bayi suna masa aiki shi ne babban mutum. Mai aikin hannu kuwa cewa suke wuta da zama sun tanƙwara masa baya, sun tanƙwara masa hankali. A wani gari ba a ba ka muƙami sai ka shekara goma da barin kasuwa. A wani kuma gado ne, ɗan mai shela mai shela, ɗan mai busa mai busa, ɗan mayira mayira, ko ya so ko ya ƙi."

Na ce a zuciyata, na ƙetare teku na zo na tarar da Zango.

Sai muka zo kan wani babban kwano. An zana sa an yi masa ado, mutane a jere, wata na ɗauke da kwando a ka. Barba ya ce a zamanin ba a cika cin nama ba sai an yi yanka don allolinsu, kuma mayira ake ɗaukowa. Shi zai yanka, shi zai feɗe, shi zai raba, shi zai dafa. Rabon kuma kashi-kashi ne daidai wa daida, wani lokaci har da ƙuri'a don kada a ce an yi son kai. Na ce, "Watanda ke nan!" Na ba shi labarin yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a kasa naman, da yadda duk Zango ba a yarda da kason kowa sai na mutum ɗaya. Ban faɗi ko wane ne ba.

Ya ce, "To ina wuƙar? Nemo ta."

Na duba hannun kowa a zanen, babu. Ya nuna kwandon. "Tana ciki, ƙarƙashin hatsi. Ba a bari dabbar ta gan ta. Kuma sai an kawo mata ruwa tukuna."

Mutanen nan gumaka suke bauta wa, Allah ya tsare mu, ba abin da ya haɗa yankansu da namu. Amma tun ina yaro nake ganin Baba yana ba sa ruwa, yana shafa masa wuya, wuƙa a ɓoye a bayansa har lokaci ya yi. Ya taɓa marin wani ma'aikacinsa don ya wasa wuƙa a gaban akuya. Shekara ashirin ina kallon wannan, ƙudaje kawai na gani. Sai da na zo ƙasar da ba wanda ya san sunana, a jikin kwanon da ya fi shekara dubu biyu, sannan na ga abin da ubana yake yi. Wuƙarsa kuma a lokacin tana kwance a ƙasan jakata, ƙarƙashin yaji.

Da azuminsu ya zo ƙarewa, ɗan'uwan Kiriya ya aiko mata da ɗan rago daga ƙauye, a raye. Da can mijinta ke yankawa. Mahaucin unguwa aiki ya yi masa yawa, ya ce sai dai ta jira. Ta tsaya a tsakar gida ita da rago suna kallon juna, Barba kuwa ya ce shi ko kaza bai taɓa yankawa ba. Na shiga ɗaki na warware tsohon zanen nan. Na kai wuƙar can bayan ɗaki na wasa ta a dutse inda ragon ba zai ji ba. Na ba shi ruwa, na shafa masa wuya, na tambayi Barba inda kudu maso gabas take don in fuskanci alƙibla, na yi bisimilla. Kafin Kiriya ta gama tafasa ruwa na feɗe, fata ba huda ko ɗaya.

Barba ya daɗe yana kallon fatar, sannan ya ce, "Komersan ne ya koya maka wannan?"

Na ce, "Mahauci ne. Ubana mahauci ne, ubansa ma haka. Shi ne mutumin da na ce ba a yarda da kason kowa sai nasa."

Ya ce, "To ka gaishe shi."

Washegari aka gasa ragon, na ci nama karon farko cikin wata huɗu, a tebur, tare da mutane. Da yamma na rubuta wa Baba wasiƙa. Na ce ni ba akawu ba ne, kuku ne. Na ba shi labarin kwandon, da ragon, na ce maganar da na faɗa masa a gaban Inna ta hana ni sakewa, ya yafe mini. A takarda abin bai yi wuya ba, tunda akwai teku a tsakaninmu.

Kwana huɗu bayan nan aka ce jirgi ya gyaru, kuma kai tsaye zai yi yamma da Afirka. A hanyar dawowa duk wanda ya ce "Mayira" sai in amsa da ƙarfi, har suka yi mamakin abin da ya same ni. Na sauka a Kwatano na isa gida da la'asar. Inna ta yi kuka, Baba ya ce, "An dawo lafiya?" Na ce lafiya lau. Shi ke nan. Na ga hannunsa ya ƙara rawa, har kofi sai ya riƙe da biyu, teburin Tokpa kuma wani ɗan ƙaninsa ke tsayawa. Na jira ya ta da maganar wasiƙa, bai tayar ba. Na ce a raina ya ji ya ƙi yafewa. Mako uku ina cikin gidanmu, kaɗaicin da nake ji ya fi na kan buhun albasa. Lokacin ne kuke ta tambaya ta labarin Girka ina ba ku na burodi da zaitun.

Ranar wata Laraba Bawa tela ya yi sallama da ambulan a hannu, mai kan sarkin Girka. Ashe na riga wasiƙata isowa. Ya gyara zama zai buɗe kamar yadda ya saba, sai Baba ya ce, "Bawa, koma kan kekenka. Yau akwai mai karatu a gida." Ya miƙo mini.

Na so ƙasa ta tsage. Inna tana bakin murhu ta daina fifita wuta. Na karanta, tun daga "ni ba akawu ba ne" har zuwa ƙarshe. Wurin neman gafara sai da na tsaya sau biyu. Baba bai dube ni ba, idonsa yana kan hannuwansa. Da na gama sai na jiyo kukan keken Bawa ta bayan katanga.

Sannan ya ce, "Kwando, ka ce? Ƙarƙashin hatsi?"

Na ce, "E, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Sun san aiki." Ya karɓi takardar ya ninke ta da ƙyar, ya sa a aljihun gaban riga. Ya miƙe zai shiga ɗaki, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"In ka ga wanda ya rubuto wannan, ka ce masa ana fara aiki bayan sallar asuba. Ya zo da wuƙar."